Abokan Tafiyarmu: Kwana 5 Cikin Mota Ɗaya, Daga Sabon Maci Zuwa Damagaram

Kowace ƙungiyar asusu ta san matanta. Mun san wadda ke kawo zubinta tun ba a gama shimfiɗa tabarma ba, mun san wadda sai an tura yaro ya kira ta. Da wannan sanin muke ba da rance, tunda ba mu karɓar gona ko akuya jingina. Haka tsarin yake tun 1991, lokacin da CARE ta fara Mata Masu Dubara a ƙauyukan jahar Maraɗi: mata su zauna duk mako, su zuba abin da suka iya, su ranta wa juna, a kulle akwati da kwaɗo 3, ƙarshen shekara a fasa a raba. Daga nan ƙasarmu tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka, har ya kai Asiya.

Sai dai sanin nan a bakin gari yake tsayawa. Mu ƙungiyoyi 4 na ƙauyuka 4 cikin gundumar Sabon Maci mun shekara 2 muna maganar haɗa kuɗi mu sayi hatsi da kaka, mu ajiye, mu fitar da shi tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tiya ta yi tsada. Kowacce ta yarda dabara ce mai kyau. Amma duk zaman da aka yi, wuri guda yake cijewa: a wane gari za a ajiye, kuma wa za ta riƙe makulli? Macen da ba ki taɓa cin tuwo da ita ba, da wuya ki miƙa mata gumin shekara guda.

Shi ya sa aka yanke shawara mu je mu ga waɗanda suka riga mu. Kowace ƙungiya ta fitar da mata 4, muka zama 16, da goyo 2, da direba da yaron motarsa. Tun dawowarmu ƴan'uwa ke tambayarmu abin da muka gano. Mun gano mangaza, mun gano littattafan lissafi, kuma mun ba da rahoton waɗannan a zaman kowace ƙungiya. Abin da ba mu ba da labarinsa ba shi ne matan da muka zauna kafaɗa da kafaɗa da su, alhali su ne suka warware mana maganar makulli. Ba za mu kama suna ba. Waɗanda suka san su za su gane su.

Yadda mota ta zama gida

Kuɗin tafiya bai fito daga akwatin rance ba, bai kuma fito daga asusun taimako ba. Zubi ne na dabam da aka yi makonni ana tarawa, don kada gobe wata ta ce an ci kuɗinta a yawo. Muka yi shatar Hiace, iyas ɗin nan da kowa ya sani. A samanta aka ɗaure tabarmi da barguna, tukwane 2, damin itace, jarkokin ruwa, garin tuwo, kuka, daddawa, da man gujiya. Kowacce ta riƙo ƙwaryar furarta ta ranar farko. Mun yi niyyar kwana a gidajen masu masaukinmu, amma mun shirya kamar waɗanda za su kwana a daji, kuma shirin ya yi rana.

Muka tashi bayan asuba, farkon sanyi, an gama kai dammuna gida. Muka yi kudu zuwa Tibiri, garin Sarkin Gobir, inda har yau mace ke riƙe da sarautar Inna. Muka shiga Maraɗi, muka kama babbar hanyar gabas: Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa, Takeita, sai Damagaram, wajen kilomita 240 daga Maraɗi. Cikinmu akwai 5 da ba su taɓa wuce Maraɗi ba.

Ba mu kai Tibiri ba aka yi faɗan farko, kan kujerar taga. Wadda ta tayar da shi doguwa ce mai murya, irin matan da ake jin su tun daga bakin rijiya. Shugabar da muka zaɓa wa tafiyar ta sa direba ya tsaya, ta ce tunda duka ƴan asusu ne, dokar asusu za a bi: kowace safiya a juya wurin zama, kuma ba a yarda ƴan gari ɗaya su zauna jere ba. Wadda ta ɗaga murya ta biya tarar dala 5. Mai murya ta biya nan take, ta ce a rubuta mata ta gobe ma. Da kuɗin tararta muka sha shayi har muka dawo.

Dokar nan ta hana ƴan gari ɗaya zama tare, ita ce mafi amfanin abin da aka yi a tafiyar. Kafin la'asar kowacce ta san sunan ƴaƴan maƙwabciyarta, ta san wa ke da kishiya, wa ke jinyar uwar miji. Jariran nan 2 kuwa cinya-cinya suka yi ta bi, har uwayensu suka samu barci.

Gwaggo mai tsakuwa da amarya mai littafi

Jakar tafiya mutum 2 aka ba wa. Ɗaya dattijuwa ce daga ƙauyen da ya fi ƙanƙanta cikin huɗun, kowa Gwaggo yake ce mata. Ba ta yi lakwal ba, ba ta yi yaƙi da jahilci ba. Lissafinta da tsakuwa ne da ƴaƴan aya: tsakuwa jika, aya dala 20. Ɗayar amarya ce da ta kai aji 3 na kwaleji kafin a yi mata aure, tana da littafi da biro da waya. Ita ke karanta mana allunan hanya, ita ke ɗaukar muryarmu duk magariba ta tura wa na gida ta WhatsApp, don maza da uwayen miji su ji muna lafiya.

Kowane dare bayan isha'i sai su zauna gaban kowa, a haska musu tocila. Amarya ta karanta, Gwaggo ta tura tsakuwa. Dare na biyu suka saɓa da dala 50. Amarya ta sake tarawa har sau 3, ta ce littafi ba ya ƙarya. Gwaggo ba ta yi gardama ba, sai ta fara jero ranar daga farko: man mota, gishiri, ruwan da aka saya a tasha, albasa.

"Ɗiyata, wurin da munka tsaya sallar azahar, wa ya biya ma yaron mota abinci?"

Amarya ta yi shiru, sannan ta rufe baki da littafi. Ita ta biya da hannunta, goyon wata na cinyarta, ba ta samu rubutawa ba.

"Gwaggo, ki yi mini aikin gafara."

"Ba ki yi laihi ba. Ke rubuta, ni in tuna. Ranar da na manta, littahinki shi tuna mini."

Mu da muka daɗe cikin asusu mun san daga inda wannan kai ya fito. A shekarun farko ƙungiyoyi da yawa ba su da mai rubutu, kowace mace takan haddace bashinta da na wadda ke kusa da ita, a maimaita da baki kowane zama. Ƴan baya sun taso sun tarar da littafi, wasu har suna yi wa tsohon tsarin dariya. A motar nan mun ga abin da kowannensu ke iyawa, mun kuma ga wadda za a iya ba wa kuɗin gari 4 a yi barci.

Mai murya da itatuwa

Daga Cadawa zuwa Agye ƙasar aya ce, kuma ƙasar itatuwa cikin gona. Nan ne sassaben zamani ya yi ƙarfi: manomi ya bar tohon da ke fitowa daga kututture, ya zaɓi masu ƙarfi ya rage sauran, har su zama itace. A jahar Maraɗi aka fara yaɗa shi a shekarun 1980, ƙauyen Ɗan Saga na ƙasar Agye ya yi suna a kansa, kuma masu bincike sun ƙiyasta cewa ya farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

A nan mai murya ta ba mu mamaki. Ranar kujerar taga ta zo kanta bisa doka, sai ta shiga kiran itatuwa ɗaya bayan ɗaya: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya, ɗanya. Ta faɗi wanda ganyensa ke shiga tukunya, wanda akuya ke so, wanda hayaƙinsa ba ya cin ido. Ashe uwarta ungozoma ce, tun tana yarinya take bin ta daji. A ƙauyen da muka sauka, ita ta ja matan gari gefe ta tambaye su awa nawa suke yi neman itacen girki da can, nawa suke yi yanzu, kuma wa ke da ikon sassabe reshe a gonar miji. Tambayar ƙarshen nan ta sa matan suka yi ta kallon juna suna dariya, sannan suka ba da amsa dalla-dalla. Babu ɗayarmu da ta yi tunanin yin ta.

Da dare wata ta ce mata, "Yaya, ashe bakin nan naki yana da amfani." Ta ce ai shi ya sa take biyan harajinsa kullum.

Wadda ba ta cika magana ba

Akwai Bafillatana cikinmu, daga rugar da ke arewacin gundumar, ƙungiyarsu haɗe take da ta ƙauyen da ke kusa da su. Kwana 2 ba mu ji ta ce komai ba sai amsa gaisuwa. Wasu sun ɗauka girman kai ne. A masaukinmu na biyu matan gari suka fito da jajayen awakin da suka saya da ribar asusu, irin jar akuyar Maraɗi da ake yabo saboda yawan haihuwa da kyan fata. Muna ta sam barka, ita kuwa ta durƙusa ta buɗe bakin ɗaya, ta duba haƙora, ta taɓa hantsa. Ta ce wa mai ita a hankali, wannan ta tsufa, a sayar kafin bazara a sayi budurwa. Mai akuyar ta ce dillali ya rantse mata haihuwa ɗaya ta yi. Bafillatana ta nuna mata haƙoran, ta koya mata yadda ake ƙirga shekaru da su.

Daren nan ta yi mana bayanin habbanaye yadda suke yin sa a gida: ka ba ɗan'uwanka da ya rasa dabba mace aro, ta haihu a hannunsa, ya riƙe ƴaƴan, ya maido uwar. Ta ce wanda aka ba wa habbanaye ya fi kula da ita fiye da tasa, don kunyar a ce ta lalace a hannunsa. Muka ce ai asusu ke nan da ƙafa 4. Tun daga ranar, in an zo maganar dabba, ita ake juyowa a kalla.

Daren da muka kwana bakin hanya

Tsakanin Tasawa da Takeita, rana ta yi ja, tayar baya ta fashe. Yaron mota ya sa ta ajiya, ba mu yi nisa ba ita ma ta sace. Muka tura motar gefe kusa da wani ƙaramin gari. Mai faci ya duba ya ce ɗaya ba ta gyaruwa, sai an sayo wata da safe. Yarjejeniyarmu da direba ita ce gyara nasa ne, amma ya buɗe aljihu ya nuna mana, abin da ke ciki bai kai ba. Ya ce mu ranta masa a cire cikin cikon kuɗin shata. Gwaggo ta zube tsakuwarta: in aka ba shi daga jakar tafiya, man komawa gida zai gaza.

Mai gari ya ba mu wuri kusa da masallaci. Muka sauke tabarmi, muka kafa murhu, masu goyo da tsofaffi suka shige cikin mota saboda sanyi, sauran muka jeru jikinta ta gefen da iska ba ta bugowa. Bayan tuwo shugaba ta buɗe zama kamar yadda ake buɗe shi a gida.

Cikinmu akwai wadda labarinta ya riga ta shiga mota. Sau 2 tana makara wajen biyan rance, har maganar ta kai sauran ƙauyukan, kuma da ita ake misali duk lokacin da ake ƙin haɗa kuɗi. Da ƙuri'a ta faɗa kanta a ƙungiyarsu, an yi gunaguni. Ta taho da roba cike da ƙuli-ƙuli, duk tashar da aka tsaya sai ta sauka ta yi ciniki, wasu na ganin abin kunya ne ga baƙi. Ita ce ta kwance bakin zanenta ta ajiye kuɗi gaban shugaba. Jika 9 ne da ƴan canji.

Shugabar ƙungiyarsu ta ce a dakata. Ta san kuɗin nan: biyan rancenta ne na zaman mako mai zuwa. In aka karɓa aka yi jinkirin maido mata, za ta makara karo na 3, kuma dokarsu ta ce mai makara 3 ba ta ƙara samun rance sai an fasa asusu.

"Na sani, Yaya," in ji ta. "Amma ɗiyan ga biyu ba su kwana biyu cikin sanyin ga. Ku amsa. In kun maido kan lokaci, to. In ba ku maido ba, na saba."

Kalmar nan ta ƙarshe ta yi mana nauyi. A daren muka ji abin da ƴan garinsu suka sani, mu ba mu sani ba. Mijinta ya tafi ci-rani arewa shekara 3, ba aike ba waya. Ita ke ciyar da yara 5 da uwar mijin. Duk makarar da ta yi, ta biya har da tara, ba ta taɓa neman a yafe mata dala ɗaya ba. Mu labarin makarar ya iso mana, labarin biyan bai iso ba.

Aka karɓi kuɗin a matsayin rance, amarya ta rubuta, mata 3 daga ƙauyuka 3 suka dangwala hannu, da sharaɗin a cire daga cikon direba a maido mata kafin ranar zamansu. Haka kuwa aka yi, tun a bakin tasha ranar da muka sauka. Hausawa sun ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Da safe wadda ta fi kowa ƙorafin cinikin ƙuli-ƙuli ita ta ɗaukar mata robar.

Direban ma sai a daren muka san shi. Kwanan farko yana ta tsaki kan yawan tsayawa, sallah, shayarwa, fitsarin tsofaffi. Daren nan bai runtsa ba, ya zauna bakin hanya da tocila yana gadin mu da kayanmu, ya ba wa masu goyo bargonsa.

Inna mai makulli

Wadda ta fi kowa shekaru cikinmu Inna muke ce mata. Tana cikin matan da suka fara asusu a garinsu, kuma ta fi shekara 20 tana riƙe da ɗaya daga makullan akwati. Kafin mu tashi ta cire shi daga wuyanta gaban dukan ƙungiya ta miƙa wa wadda aka zaɓa, don kada zama ya tsaya saboda ita. Duk tafiyar hannunta na zuwa wuya yana laluben igiyar da babu.

A kowane masauki ana nuna mana abin alfahari: buhuna jere, littafi mai tsabta, awaki. Mu mu yi ta yabo. Inna takan bari a gama, sannan ta gyara zama.

"Ɗiyana, mun ga alheri, Allah shi ƙara. Yanzu ku gaya muna shekarar da kunka yi asara."

Karon farko mun ji kunya. Amma daga amsoshin tambayar nan muka samo mafi yawan abin da muka kawo gida. Wata ƙungiya ta ce ƙwari sun cinye musu wake shekara guda, sai da suka koma buhun PICS mai riɓi 3, wanda ke kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska ba tare da magani ba. Masu binciken INRAN na Maraɗi suna cikin waɗanda suka gwada shi. Suka ce sirrin a duba ledojin ciki kada a sami huda, a ɗaure kowacce dabam. Wata ƙungiyar ta ce sun riƙe hatsi suna jiran tsada, sai gwamnati ta fito da na rahusa, farashi ya faɗi, da ƙyar suka mayar da uwar kuɗi. Tun daga nan suka sa doka: ana yanke ranar buɗe mangaza tun ranar rufe ta, kuma ƴan ƙungiya ake fara sayar wa. Ta ukun suka yi ƙasa da murya suka ce wani babba a gari ya karɓi buhuna bashi, aka ji nauyin tambayarsa, har yau shiru. Dokarsu yanzu, hatsin mangaza ba ya fita bashi ga wanda ba ɗan ƙungiya ba, ko wane ne.

Inna ta ce mana ita ba riba ta kawo ta ba. Ta ga 2005, shekarar da ta biyo bayan haɗuwar fara da ƙarancin ruwa, hatsi ya gagari talaka a ƙasar Maraɗi da Dakoro, mata suka yi ta sayar da awaki a wulaƙance don tiya kaɗan. Ta ce abin da take so kafin ta mutu shi ne ta ga ɗaki cike da hatsi wanda makullinsa ke hannun mata.

A Damagaram muka shiga Birni, muka ga fadar Sarki da manyan duwatsun da gidaje suka kewaye. Amarya ta gaya mana nan ne babban birnin Nijar kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Inna ta daɗe tsaye tana kallo, ta ce ashe duniya da faɗi. Washegari a Mirriya, garin kukoki da maginan tukwane, ta sayi ƙaramin tulu guda, ta rungume shi a cinya har Sabon Maci, ba ta yarda an ɗaure shi a sama ba.

Inna ta rasu cikin bazarar nan, bayan gajeriyar jinya. Mata 15 ɗin da suka rage duka mun je gaisuwa, wasu a amalanke, wasu a ƙasa. Ƴan garinsu sun yi mamakin ganin baƙi daga ƙauyuka 3 suna kuka kamar uwarsu ce. Tulun yana ɗakinta. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Abin da aka yanke

Mako 2 bayan dawowarmu aka yi babban zama. Maganar da ta shekara 2 tana cijewa ta ƙare kafin la'asar. Mangaza tana ƙauyen da ya fi kusa da kwalta. Kwaɗo 3 ne a ƙofar, makullan suna sauran ƙauyuka 3, don haka ba ta buɗuwa sai gari 4 sun hallara. Gwaggo ce mai ajiyar kuɗi, amarya ce mai rubutu. Awo, wato tsayawa kan tiya ranar saye da ranar sayarwa, an ba wa mai ƙuli-ƙuli, kuma wata daga wani gari ce ta kawo sunanta. Inna ta ga an zuba buhunan farko, ita ta fara murɗa makulli.

Ba a ce komai ya daidaita ba. Mata 16 ne suka yi tafiya, ƙungiyoyin kuwa sun fi mata 100, kuma wadda ba ta shiga motar ba ba ta ga abin da muka gani ba. Ƙungiya ɗaya rabin abin da aka tsara ta zuba, ta ce sai ta ga ƙarshen shekarar farko. Ba mu ga laifinsu ba. Mun sayi hatsin a makare, bayan farashin kaka ya fara ɗagawa, kuma ba wanda ya san yadda kasuwa za ta kasance ranar buɗewa. Abin da muka ɗauka wa kanmu shi ne a karanta lissafin mangaza a zaman kowace ƙungiya duk wata, da baki da kuma littafi.

Ga ƙungiyoyin da ke shirin irin wannan tafiya, ga abin da za mu ce. Ku ware kuɗinta dabam, ku ƙara wani abu na ko-ta-kwana wanda ba a taɓawa sai da zama. Ku yi magana da direba kan gyara tun a gida gaban shaidu, ku sa a duba tayar ajiya. Kowacce ta riƙe katinta na ɗan ƙasa, don akwai shingayen bincike a hanya, kuma wadda ba ta da shi ta fara nema tun da wuri. A nemi yardar gida da lokaci, a bar lambar da za a kira. Kada a tura shugabanni kaɗai: a bar kujera ɗaya ga ƙuri'a, don da ba ita ba da mai awonmu ba ta shiga motar ba. In kun isa, ku yi tambayar Inna.

Masu masaukinmu na ƙasar Agye sun aiko cewa za su rama ziyara bayan girbi mai zuwa. Za a buƙaci gidajen saukar baƙi a kowane ƙauye, da masu girki, da masu tarbo a bakin hanya. Duk mai so ta faɗa wa shugabar ƙungiyarta a zama na gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya bar zumunci.